Me ke sa matashi ya ɗore da motsa jiki? Tambayoyi da amsoshi ga iyaye, malamai da masu horarwa a Kaduna

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin iyaye, malaman makaranta da masu horar da yara a unguwannin Kaduna, duk lokacin da aka zo maganar yaron da a da ba ya zama wuri ɗaya, amma da ya fara girma sai ya koma zaune.

1. Su wa ake nufi da matasa a nan, kuma wane irin motsa jiki ake so su riƙa yi?

Ana nufin masu shekara 10 zuwa 19, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance, wato daga ƙarshen firamare zuwa bayan kammala sakandare. A ƙa'idojin da hukumar ta fitar a 2020, ta ce ya kamata ɗan shekara 5 zuwa 17 ya riƙa samun kimanin minti 60 ko fiye na motsa jiki a kowace rana, irin wanda ke sa numfashi ya ƙaru, zuciya ta buga da sauri. A cikin mako kuma a samu aƙalla kwana 3 da zai yi abin da ya fi ƙarfi, da wanda ke ƙarfafa tsoka da ƙashi, kamar gudu, tsalle ko kokawa. Ba dole ba ne a yi mintocin a lokaci guda. Idan yaro yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa saboda haki, motsin matsakaici ne. Idan kuwa ba ya iya haɗa 'yan kalmomi sai ya tsaya ya ja numfashi, to mai ƙarfi ne.

2. Da gaske ne yara suna rage motsa jiki idan sun fara girma, ko gani ne kawai na iyaye?

Da gaske ne, kuma ba a Kaduna kaɗai ba. Wani bincike da masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka wallafa a 2019, wanda ya ƙunshi ɗalibai miliyan 1.6 masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146, ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 ba sa kai mizanin da aka ambata a tambaya ta 1: kashi 85 na 'yan mata, kashi 78 na samari. Wani nazarin na 2011 da ya tattara bincike 26 ya gano cewa motsa jiki yana raguwa da kimanin kashi 7 cikin 100 a kowace shekara ta tashen balaga.

A wajenmu ba a buƙatar dogon bincike kafin a ga dalili. Ɗan firamare yana langa da ɓoyo a lungu har a kira magariba, babu mai ce masa komai. Da ya shiga sakandare sai ranar ta cika: boko da safe, islamiyya da yamma, darasin ƙari saboda jarrabawa, wani kuma ya wuce shago koyon sana'a. Ga kuma kunya, domin akwai ranar da wani babba zai dube shi ya ce, “Kai ma har yanzu kana wannan wasan?” Sau da yawa wannan magana guda ta isa ta raba yaro da fili.

3. To me ke sa wasu su ɗore duk da haka?

Masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Rochester a Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, sun shafe shekaru suna nazarin abin da ke sa mutum ya riƙe wani aiki ba tare da an tsaya a kansa ba. Bayanin da suka fitar a 1985, wanda masu nazarin wasanni suke amfani da shi har yau, ya tsaya kan buƙatu uku: mutum ya ji cewa shi ya zaɓi abin da kansa, ya ji cewa ya iya ko yana kan hanyar iyawa, ya kuma ji cewa yana cikin mutanen da suka san da zamansa. Inda ukun suka haɗu, abin yakan zama daɗi, kuma daɗin ne ke dawo da matashi fili washegari.

Duk mai son ganin wannan da idonsa ya tsaya bayan la'asar a filin wata makarantar firamare a Tudun Wada, Rigasa ko Badarawa. Duwatsu biyu ko takalma ne raga. Babu alƙalin wasa, babu kofi, babu wanda ya aiko su. Su suke raba kansu, su suke yanke cewa wanda aka ci ya fita wasu su shigo, su yi musu a kan ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba, su sasanta. Ƙaramin da ya samu ya yanke babba sau ɗaya, aka yi masa ihu, zai kwana yana ba da labari. Idan ɗaya bai zo ba, a biya ta ƙofar gidansu a yi sallama da shi. Zaɓi, da iyawa, da jama'a duk suna nan, shi ya sa sai duhu ya kore su.

Mafi yawan kura-kuran da manya ke yi, waɗanda za a gani a tambaya ta 6 da ta 9, tauye ɗaya daga cikin ukun nan ne da kyakkyawar niyya.

4. Na sha gaya wa ɗana amfanin motsa jiki ga lafiya, amma ko a jikinsa. Me ya sa?

Saboda hawan jini da ciwon suga, a kunnen ɗan shekara 14, cututtukan tsofaffi ne, kuma tsufa a wurinsa abu ne da ke samun wasu. Abin da ke motsa shi shi ne ribar da zai gani yau: barci mai daɗi, wartsakewa bayan zaman aji, raguwar ƙunci, ƙarfin da yake ji a jikinsa, da yadda sa'o'insa suke kallonsa. Sanin amfanin lafiyar na iyaye ne, domin su san darajar abin da suke ba wa lokaci. Misali, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sinadarin ƙashin da mutum zai rayu da shi yana taruwa ne a cikin shekara biyu na tsakiyar balaga, wajen shekara 12 ga mata da 14 ga maza, kuma gudu da tsalle suna ƙara masa ƙwari. Wannan dama ce da ba ta dawowa yadda take.

5. Yaya girman tasirin abokai yake?

Tun daga wajen shekara 12 yakan fi na iyaye. Matashin da majalisarsu ta masu zuwa fili ce zai je ko ba ya jin zuwa, wanda kuma tasu ta zaman benci da waya ce zai zauna ko da yana son wasa. Saboda haka uban da ke son ɗansa ya fara wani wasa, ya fi masa sauƙi ya nemo masa abokin tafiya da ya sayo masa kaya masu tsada. Amma a sa ido, domin hanyar da ke kawo alheri ita ke kawo kishiyarsa: akwai filayen da ake raba wa yara ƙwaya irin su tiramadol da sunan ƙarin kuzari. Ya kamata uba ya san filin, ya san manyan da ke wurin, ya kuma riƙa leƙawa jefi-jefi.

6. Shin in yi masa alkawarin kyauta, ko in tilasta masa?

Dukansu suna iya tayar da shi, amma da wuya su riƙe shi. A 1973 wasu masana a Jami'ar Stanford sun gwada ƙananan yara masu son zane: waɗanda aka yi wa alkawarin takardar yabo idan sun zana, daga baya sun rage zanen idan an bar su da kansu, alhali waɗanda ba a yi wa alkawari ba sun ci gaba yadda suke. Da ƙananan yara aka yi gwajin, amma an ga irin haka a manya ma. Idan lada ya zama dalili, ranar da ladan ya tsaya aikin ma sai ya tsaya.

Wannan ba ya hana a saya wa yaro takalmin ƙwallo ko a biya masa kuɗin mota zuwa atisaye. Wannan share hanya ne, ba ciniki ba. Yabo ma yana da amfani idan ya faɗi takamaiman abin da aka gani, kamar a ce, “Na lura yanzu kana bugawa da ƙafar hagu.” Game da tilas, uba yana da damar ya kafa doka cewa ba za a wuni a zaune ba, amma zaɓin wasan a bar wa yaron. Mafi muni shi ne a mayar da motsa jiki horo, kamar tsallen kwaɗo da ake sa masu makara a makarantu da yawa, domin yaron da ya saba gudu da tsalle a matsayin hukunci ba zai neme su don nishaɗi ba.

7. Ɗana ba abin da yake so sai ya zama ɗan ƙwallo a Turai. In ƙarfafa masa gwiwa?

Ba a banza yaran Kaduna suke wannan mafarki ba. A tawagar Najeriya da ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 akwai Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal da Celestine Babayaro, duk haifaffun Kaduna, kuma Babayaro da Amokachi kowannensu ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe da aka doke Ajantina da ci 3 da 2. Amokachi daga ƙungiyar Ranchers Bees ta Kaduna ya tashi. Filin wasa na Ahmadu Bello ya karɓi wasannin kofin duniya na matasa a 1999 da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, Kaduna United kuma ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2010. Yaron da ya tashi yana jin waɗannan labarai a bakin yayyensa yana da hujjar sa rai.

Burin yana sa naci, babu shakka, amma idan shi kaɗai ne ginshiƙi to akwai haɗari. Kaɗan ƙwarai ne suke kaiwa, kuma wanda ya yi wasa don Turai kawai, ranar da ya gane ba za a je ba yakan rataye takalmin gaba ɗaya yana ɗan shekara 19 ko 20, wani ma ya koma caca a kan wasan da ya daina bugawa. Abin da ya dace shi ne a bar shi da burinsa, da sharaɗi biyu: karatu ko sana'a ba za su tsaya ba, kuma ba za a ba kowane dillali kuɗi da sunan kai shi gwaji ƙasar waje ba sai an tantance shi ta hukumar ƙwallon ƙafa. Likitocin yara kuma suna ba da shawarar kada awannin atisayen wasa guda a mako su wuce adadin shekarun yaron, a kuma bar masa kwana ɗaya ko biyu na hutu, saboda rauni da gundura.

8. 'Yata ta daina duk wani wasa tun da ta balaga. Me za a yi?

Alƙaluman tambaya ta 2 sun nuna cewa 'yan mata sun fi barin motsa jiki, kuma a nan dalilan a bayyane suke: jiki yana canzawa, kunyar idon maza tana ƙaruwa, aikin gida yana cinye yammar da namiji ke fili, wata kuma tana tsoron jinin al'ada ya ba ta kunya a gaban mutane. Ba ƙiwa ba ce. Yarinyar da a jiya take gaɗa da tsallen igiya da 'yar gala-gala ba ta wayi gari ta tsani motsi ba. Wurin yi ne ya ƙare mata.

Don haka maganin wuri ne da sutura da abokan yi. Tsakar gida ta isa tsallen igiya. Makarantar da ke da katanga tana iya ware wa 'yan mata lokaci tare da malama mace su buga ƙwallon raga, ƙwallon hannu ko badminton, islamiyyu ma suna iya yin haka a ranar da babu karatu. Dogon wando mai faɗi da riga mai sauka da ƙaramin hijabi ba sa hana gudu. Hukumomin ƙwallon ƙafa na duniya sun amince da rufe kai a 2014, na ƙwallon kwando kuma a 2017. Rigar nono mai riƙewa da isasshiyar audugar mata suna cikin abubuwan da uwa ce za ta fara kawo maganarsu, domin yarinyar ba za ta tambaya ba. Al'ada ba ta hana motsa jiki, sau da yawa ma yana rage ciwon mara. Wanda kuma yake ganin abin bai dace da mace ba, ya tuna da hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu.

9. Wane irin koci ko malamin wasanni ne yara suke ɗorewa a hannunsa?

Wanda ya san sunan kowa, har da wanda bai iya ba. Yaron da ya shafe watanni yana zuwa atisaye, ranar wasa kuma a bar shi a benci kullum, ba zai yi gardama ba, zai daina zuwa ne kawai. Haka wanda ake zagi a gaban sa'o'insa idan ya ɓarar da ƙwallo. Kocin kirki yana gwada yaro da yadda yake a watan jiya, ba da gwanin ƙungiya ba, yana kuma tambayar ra'ayinsu a wasu abubuwan. Ya kamata ya san cewa a tsakanin 'yan shekara 13 wani ya riga ya zama saurayi, wani ko murya bai fasa ba, kuma ƙaramin yau yana iya zama gwanin gobe idan ba a kore shi ba. Makarantu ma suna da nasu laifin: da yawa ba sa tuna fili sai gasar wasanni ta shekara ta matso, a zaɓi masu gudu kaɗan, sauran su zama 'yan kallo.

10. Ba zai hana shi karatu ba, musamman a shekarar WAEC da JAMB?

Wasa na awa ɗaya a rana ba ya kayar da ɗalibi. Motsa jiki yana taimakawa wajen tattara hankali da samun barci, kuma ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Abin da ke cinye karatu shi ne rashin tsari, da waya a cikin dare. A shekarar jarrabawa a rage, kada a yanke, domin da yawa daga waɗanda aka ce su dakata “sai bayan jarrabawa” ba sa komawa: kafin nan ƙungiyar ta maye gurbinsu, jikin ma ya yi nauyi.

11. Waya da gidan kallon ƙwallo fa?

Waya tana ba matashi buƙatu ukun nan na tambaya ta 3 ba tare da ya yi gumi ba: shi ke zaɓa, yana cin wasa, abokai suna ciki. Shi ya sa ƙwace ta kawai ba ya mayar da shi fili sai an tanadar masa abin da zai maye gurbinta. Dokar da ta fi aiki ita ce ta lokaci, misali babu waya tsakanin la'asar da magariba, kuma ba a kwana da ita a shimfiɗa. Dokar takan fi karɓuwa idan yaran sun ga uban ma yana ajiye tasa.

12. Yarona ba ya son ƙwallo, unguwarmu kuma babu fili. Aikin gida da tafiyar ƙasa ba su isa ba?

Suna cikin lissafi. Ɗiban ruwa, daka, noma da damina, tafiya makaranta a ƙasa ko a keke duk motsa jiki ne, kuma matashin da ke tafiyar minti 20 zuwa makaranta ya dawo ya riga ya ci kashi biyu cikin uku na mizanin rana. Sai dai aiki yana tsayawa ranar da hali ya canza, an ja famfo ko an samu kuɗin hawa Keke Napep, alhali abin da mutum yake yi don so yakan bi shi har girma. Shi ya sa yake da kyau a samu wani abu guda da yaron yake yi don kansa.

Ba dole sai ƙwallon ƙafa ba. Akwai kokawa, langa, ƙwallon tebur, ƙwallon kwando, taikwando, hawan keke, gudu, har da fayif, wasan buga ƙwallo a bango da hannu wanda ya shigo Arewa ta Katsina a shekarun 1920. Yaron da ba ya son a yi ta kallonsa ko ba ya son gasa yakan fi sakewa da wasan mutum ɗaya ko biyu. Dandalin Murtala da kewayen filin Ahmadu Bello suna samun masu motsa jiki da sassafe, musamman a ƙarshen mako. A bar shi ya gwada ya bari, ya sake gwada wani. A wannan shekarun sauya wasa ba rashin naci ba ne.

13. Idan ya saba yanzu, akwai tabbacin zai ci gaba bayan ya girma?

Babu tabbaci, amma akwai rinjaye. Wani bincike a ƙasar Finland da ya fara bin yara tun 1980, ya sake duba su bayan shekara 21, ya nuna cewa waɗanda suka riƙa motsa jiki tsakanin shekara 9 da 18, musamman ba tare da yankewa ba, sun fi kasancewa masu yi a girmansu. Wuraren da igiyar ta fi tsinkewa su ne lokutan sauyi: gama sakandare, zaman jiran gurbin jami'a, fara aiki, aure. Kafin yaro ya gama aji shida na sakandare, yana da kyau a ce ya iya wani abu da ba ya buƙatar mutum 22 da fili, kamar gudu ko keke. Gasar gudun Kaduna da aka yi a watan Nuwamban 2020, mai kilomita 21, misali ce ta abin da matashi zai iya sa wa gaba shi da abokinsa. Daga shekara 18 mizanin ma yana sauka zuwa minti 150 zuwa 300 a mako.

14. Yaya za a yi da zafi, hunturu, azumi, da yaron da ke da sikila ko asma?

A watannin Maris da Afrilu a guji tsakar rana, a koma sassafe ko bayan la'asar, a sha ruwa kafin wasa da lokacinsa da bayansa. A hunturu, ranar da ƙura ta yi kauri a rage gudu a waje. Da azumi a sassauta, a mayar da abu mai nauyi bayan buɗa-baki, amma kada a bar watan gaba ɗaya, saboda dalilin da aka faɗa a tambaya ta 10.

Mai asma yana iya wasa idan ciwon yana ƙarƙashin kulawa, ya ɗumama jiki a hankali, maganin shaƙarsa kuma yana kusa. Mai sikila ma ba a hana shi motsi matsakaici, sai dai ya yawaita shan ruwa, ya huta da zarar ya gaji, ya guji tsananin zafi da tsananin sanyi, kuma dole kocinsa ya san halin da yake ciki don kada ya matsa masa. Dukansu biyu a fara da shawarar likitan da ke duba su. Kowane yaro kuma, ko da an san shi lafiyayye, idan ya suma a cikin wasa, ko ya ji ciwon ƙirji, ko jiri mai tsanani, ko ya bugu a ka ya ruɗe, a fitar da shi nan take, kuma a kai shi asibiti kafin ya sake komawa fili.